Bin Yarima A Sha Kiɗa A Gaban Kwamfuta

Shekaranjiya ina tsaye a bayan wani yaro da nake koya wa aiki, na ga ya yi watsi da wani faci, wato gyaran da ake rubuta wa manhaja, da wani baƙo ya aiko wa manhajarmu, ko buɗe shi bai yi ba. Na ce, "Kai, me ka gani a ciki?" Ya ce, "Malam, ai da C ya rubuta. Kowa ya san yanzu Rust ake yayi." C da Rust harsunan rubuta manhaja ne, C tsoho, Rust sabo. Na ce wane ne kowa? Ya yi shiru yana murza linzamin kwamfuta. Na kasa yi masa faɗa, don muryata na ji a bakinsa.

A 2014 na fi shi ma. Shekarar ce Debian, wani nau'in Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), ta yanke shawarar komawa systemd, wato manhajar da ke fara tashi in an kunna na'ura, ita kuma ta tada sauran. Rigima ta yi zafi har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Mu shida da ke kula da wata 'yar ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya duba rubutunta ya aiko gyara, duk mun tsani systemd. In ka tambaye ni dalili sai in zuba maka kamar ruwa: ta cika haɗama, ta saɓa wa tsarin Unix, wanda Linux ta kwaikwaya, na kowace manhaja ta tsaya kan aiki ɗaya. Hadda ce kawai. Ko shafi guda na bayaninta ban taɓa karantawa ba.

Sai wani bawan Allah ya aiko faci, fayil ɗaya na systemd, layi bai kai ashirin ba, wanda zai sa manhajarmu ta sake tashi da kanta in ta faɗi. Bai ce a cire tsohon tsarin ba. Ni na fara ba shi amsa, da gatse, sauran suka yi mini amshi. Ya sake rubutowa cikin ladabi, ya nuna mana cewa namu rubutun ya haura layi ɗari, kuma in na'ura ta mutu ba shiri, sai ya ɗauka manhajar tana raye ya ƙi tada ta. Gaskiya ya faɗa, na ma taɓa cin karo da matsalar. Muka ce ɗan koren kamfani ne. Ya tafi bai sake waiwayarmu ba. Da Debian 8 ta fito da systemd a 2015 ƙorafi ya yi mana yawa, ni ɗin nan na zauna na rubuta fayil ɗin, kusan harafi da harafi irin nasa, sunana a kai.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Tun da Richard Stallman ya fara GNU, shirin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa da rabawa, a 1983 ake kallon masu wannan aiki a matsayin mahaukata. A 2001 shugaban Microsoft, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji. Mutanen da aka yi wa haka dole su dunƙule, su riƙa zargin duk baƙuwar fuska. Kuma har gobe ina nan kan cewa systemd ta kwashi ayyukan da ba nata ba. Sai dai Lennart Poettering da ya fito da ita a 2010 a lokacin ma'aikacin Red Hat ne, kamfanin Linux, wato ɗan gida. Shi kuwa mai facin, ban san ma inda yake aiki ba. Tsoro na ji kada abokaina su ce na canza sheƙa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, da na zauna sai na ga ba su kai ba. Buɗe facin ka karanta. Gwada shi a na'urarka. In za ka ƙi, faɗi layin da ya lalace. In ba ka da layin, rufe bakinka. Ku 'yan yanzu abin naku ya fi ba ni haushi, don mu ko ba komai mun yi haddar hujja. Ku bidiyon minti uku da ƙirga taurarin yabo a GitHub, shafin ajiye manhajoji, ya ishe ku yanke hukunci.

Kuma kada ku yarda da baƙo. E, na san abin da na faɗa a sama. A Maris 2024 aka gano ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana aiko faci masu kyau, wasu kuma na matsa wa mai kula da manhajar, wanda ya riga ya gaji, cewa ya ba shi dama. Dubban idanun da muke alfahari da su ba su gani ba. Mutum ɗaya ne, Andres Freund, ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai. A lokacin a Microsoft yake aiki. Da a zamaninmu ne, Allah kaɗai ya san irin amsar da zan ba shi.

Jiya na tilasta wa yaron ya buɗe facin. Ya karanta, ya juyo yana murmushi: "Malam, ga shi, ya ware ma'adana bai sake ta ba, a layi na arba'in." Wato facin ya kama wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta bai mayar ba. Na duba, haka ne kuwa. Na ce to rubuta wa mutumin, ka nuna masa layin. Ya ce sai gobe.