Piksel 12 da suka sa Alhaji ya sayi sukarin da ba ya buƙata

Wata huɗu ke nan da faruwar abin, amma har yau in na bi ta babbar kasuwar Tawa na hango buhunan sukari jibge a bakin wata magaza, sai gabana ya faɗi. Ina rubuta wannan ne domin ƴan uwana masu haɗa manhaja wa ƴan kasuwa, musamman masu aiki irina da Java Swing, wato kayan aikin harshen Java na haɗa tagogi da guraben manhaja.

Ni na haɗa wa wani Alhaji mai sayar da kaya sari manhajar da yake lissafi da ita: shinkafa, sukari, mai, makaroni, sabulu. Shekara biyu tana aiki, ba wanda ya taɓa kirana da dare. Wata rana Alhaji ya ce mini, "Ɗana, idona ya fara rauni. Daga kujerata ba na ganin farashin da ake bugawa. Ka ƙara masa girma." Na ce, "To Baba, wannan ai ba aiki ba ne." Na ƙara girman rubutun gurbin farashi, gurbin ya ƙara tsawo, na ɗan ja shi sama don kada ya hau kan na ƙasa. Na duba allon, ya yi kyau. Gurbin adadi na hagu, na farashi na dama, kamar yadda suke tun farko. Na ɗauki linzamin kwamfuta na danna nan, na danna can, na shigar da ciniki biyu na gwaji, lissafi ya fito daidai. Minti ashirin na gama, na hau babur na tafi.

Da linzami na gwada, kuma daga nan duk abin ya taso.

Malamin da ke shigar da ciniki a shagon ba ya taɓa linzami. Dattijo ne, ya girme ni nesa, ya yi shekaru yana buga takardu da keken rubutu kafin kwamfuta ta zo. Idonsa na kan takardar da yaran shago suka miƙo masa, hannun dama na kan lambobin gefen kilabiye, ɗan yatsan hagu na kan maɓallin Tab, wanda ke kai mutum gurbi na gaba. Lambar kaya, Tab, adadi, Tab, farashi, Tab. Ba ya ɗaga kai sai ya kai ga jimilla, ya dube ta, ya dubi takarda, in sun yi daidai ya wuce. Na sha tsayawa a bayansa ina sha'awar saurinsa. Na san haka yake aiki, na sani sarai, amma ranar ban zauna a kujerarsa na yi yadda yake yi ba.

Kwana tara bayan haka Alhaji yana Yamai wurin sarin kaya. Ya bugo waya aka karanta masa jerin kayan da manhaja ta ce sun ƙare. Sunaye kawai jerin yake fitarwa, ba ya nuna adadi, haka na tsara shi. Sukari ya ƙare, shinkafa ta ƙare, mai ya ƙare. Alhaji ya yi mamaki, amma azumi ya kusa, ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Ya sayi sukari mai yawa, ya biya kuɗin mota na tafiyar fiye da kilomita 500. Da motar ta iso aka buɗe magaza, ga sukari nan har rufi, ko wurin sauke sabon babu.

Da na iso shagon na tarar Malam na tsaye, hularsa a hannu, Alhaji yana faɗa. Malam ya juyo ya ce mini, "Ƙanena, ka gaya masa. Yadda nake bugawa shekara biyu, haka nake bugawa yau." Na buɗe lissafin kaya, na ga sukari ya tafi ƙasa da sifiri da buhu dubu ɗari da wani abu. Na buɗe ciniki ɗaya: adadi 14.500, farashi sefa 12. Na buɗe na biyu, haka. Na ajiye linzami, na buga lambar kaya, na danna Tab. Ɗan layin nan mai ƙyaftawa ya tsallake gurbin adadi ya faɗa na farashi. Na sake dannawa, ya dawo hagu kan adadi. Jikina ya yi sanyi.

Ga abin da ya faru, kuma sai da na karanta cikin Swing ɗin da kansa a daren na fahimta. In ba ka faɗa masa tsarin da kake so ba, Swing na amfani da LayoutFocusTraversalPolicy, wanda ke jera gurabe bisa inda suke zaune a kan allo: layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, a cikin layi kuma daga hagu zuwa dama. To ta yaya yake sanin gurabe biyu suna layi ɗaya? Yana duban gefen sama na kowanne. In tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai piksel 10 ba (piksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta a allo), layi ɗaya ne. In ta kai, wanda ya fi sama shi ne farko, ko da yana can ƙarshen dama. Gurbin farashina ya hau sama da piksel 12. Ido na ganin layi ɗaya, Swing na ganin biyu. Da 9 na ja shi, da ban rubuta wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kuskuren ya ɓuya. Buhu 12 sau 14.500, da 14.500 sau 12, jimillarsu ɗaya ce, 174.000. Malam ya duba jimilla, daidai. Mai saye ya duba rasit, daidai. Da yamma a ƙirga kuɗin akwati, ko dala ba ta ɓace ba. Kowa ya yi aikinsa yadda ya kamata, kwana tara cur, lissafin magaza kuwa yana ruɓewa a ƙasa. Kuma ban taɓa sa wa manhajar shingen da zai hana kaya sauka ƙasa da sifiri ba, don a farko Alhaji kan sayar da kayan da ke hanya kafin a shigar da su, ni kuma na bar ƙofar a buɗe gaba ɗaya maimakon in sa gargaɗi.

Na ce wa Alhaji a gaban kowa, "Baba, ba laifin Malam ba ne, nawa ne." Bai ce komai ba. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Na ɗauka gyaran bayanan zai zo da sauƙi, in juya adadi da farashi na kwanakin tara da umarni ɗaya. Bai yiwu ba. Wasu lokutan ɗan Alhaji ne ya zauna a kwamfutar, shi kuma da linzami yake aiki, nasa daidai suke. Manyan kaya ana gane su da gani, ba wanda ke sayar da buhun shinkafa sefa 20. Amma ƙananan kaya fa? Sabulu 150 a kan 200, ko 200 a kan 150? Sai da muka kwaso takardun kwanakin duka, ni da Malam, dare uku muna bi ɗaya bayan ɗaya, yana karantowa ina gyarawa. Ko sau ɗaya bai yi mini gori ba.

Gyaran manhajar kansa bai ci yini ba. Na rubuta nawa FocusTraversalPolicy, na jera guraben da hannuna a jeri guda, yadda komai na matsar a kan allo gobe, tsarin Tab ba zai motsa ba sai ni na motsa shi. Aikin ba yawa, hanyoyi biyar ne za ka cika: na gaba, na baya, na farko, na ƙarshe, da wanda ake farawa a kai in an buɗe taga. In ka ga tsofaffin misalai a intanet suna amfani da setNextFocusableComponent, wuce su, tun Java 1.4 ta 2002 aka ce a daina. Wurare biyu na yi tuntuɓe: na manta da gurbin rangwame da ke rufe wa yaran shago, sai Tab ya tsaya cak a gabansa har na koya wa jerin tsallake rufaffen gurbi, sannan gurbin ƙarin bayani, da yake JTextArea ne, wato gurbin rubutu mai layi da yawa, yana haɗiye Tab ya mai da shi tazara a cikin rubutu, sai da Ctrl da Tab ake fita. Na canza masa maɓallan da setFocusTraversalKeys. Shift da Tab ma a gwada shi, don wanda ya yi kuskure da shi yake komawa baya.

Sai na ƙara abin da ya kamata in sa tun shekara biyu da suka wuce. Gurbin da ake ciki yanzu yana rikiɗa ya zama rawaya, ana gani ko da wutsiyar ido. In farashin da aka buga ya yi nisa da na kayan, na'ura ta yi ƙara ta tsaya. Jerin kayan da suka ƙare kuma yanzu da adadi yake fitowa. Da Alhaji ya ji an ce saura buhu dubu ɗari ƙasa da sifiri, ai da bai sayi ko ɗaya ba.

Masu haɗa shafukan intanet, kada ku ce wannan matsalar Java ce. Taku ma tana nan, ta juya baya ne kawai: a can Tab na bin tsarin da abubuwa suke a cikin HTML, rubutun da ake gina shafi da shi, ko da kun sauya musu wuri a ido da CSS, mai tsara kamannin shafin. Kuma lambobin tabindex, da ake jera tsarin Tab da su, in sun wuce sifiri sukan ƙara dagula abin. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008, na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, sun ware wa wannan sashe guda, 2.4.3, saboda makafi da waɗanda hannunsu ba ya iya riƙe linzami, da Tab kaɗai suke yawo a shafi. Na taɓa karanta sashen na wuce, ina ganin bai shafi shagon shinkafa a Tawa ba.

Yanzu duk canjin da na yi, komai ƙanƙantarsa, sai na zare linzamin daga kwamfuta na sa shi a aljihu, na kau da kai daga allo, na shigar da ciniki biyar daga takarda yadda Malam ke yi, da adadi da farashin da ba za su rikita da juna ba, sannan in buɗe lissafin magaza in duba, ba jimilla ba. Alhaji bai cire ko sefa ɗaya daga kuɗina ba, bai kuma sake ɗaga maganar ba. Sukarin sai bayan ƙaramar salla ya ƙare, buhu shida daga ciki sun sha laima a ƙasa, na biya su da kaina.