Yadda Na Zana Taswirar Daular Rum Mai Tsarki ta 1789

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin haɗewar Jamus ya san inda darasin yake cijewa. Ka ce wa ɗalibai a 1871 Bismarck ya haɗa ƙasashen Jamusawa 25 suka zama ƙasa ɗaya, a 1815 kuwa 39 ne, kafin nan kuma sun kai 300, sai ka ga an yi tsit ana kallonka kamar ka ƙara gishiri. Taswirorin da ake samu a intanet ma ba su taimaka wa yaro, don an cusa launuka da ƙananan rubutu har ido ya kasa tsayawa wuri guda. Shi ya sa na ɗauri niyyar zana tawa da hannu, a kan babban kwali, da fensiran kala, yadda zan san dalilin kowane layi da na ja.

Abu na farko da aikin ya tilasta mini shi ne zaɓar shekara. Daular Rum Mai Tsarki, wadda waɗancan ƙasashen Jamusawa 300 suke ƙarƙashinta, ta daɗe ƙwarai, tun daga naɗin Otto na Ɗaya a 962 har zuwa 1806, kuma iyakokin cikinta ba su taɓa tsayawa cik ba: aure, gado, jingina da ciniki kullum suna sauya su. Na tsaya a kan 1789, gab da yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa su fara rusa tsarin.

Na biyu, kada ka taɓa kwalin sai ka haɗa jerin sunaye. Jerin da ya fi amfani shi ne na kujerun majalisar daula, wadda ta zauna a Regensburg babu tashi daga 1663 zuwa 1806. Zaure uku gare ta. Na farko na masu zaɓen sarki ne, wato Kaisar, shugaban daular baki ɗaya. Dokar 1356 ta ƙayyade su bakwai: manyan bishop-bishop na Mainz, Trier da Kolon, sai sarkin Bohemiya da sarakunan Palatinat, Saksoni da Brandenburg. Daga baya aka ƙara Bavariya da Hanover, sannan Bavariya da Palatinat suka koma hannun mutum ɗaya a 1777, don haka a shekarar da na zaɓa su takwas ne. Zaure na biyu na sarakuna ne, mai ƙuri'u 100. Na uku na birane masu cin gashin kansu, su 51, waɗanda ba su da ubangida sai Kaisar.

A zaure na biyun nan na fara gane irin ginin da nake ƙoƙarin zanawa. Cikin ƙuri'u 100 ɗin, 94 na mutum ɗai-ɗai ne, sauran 6 kuwa na taron dangi ne. Ƙananan sarakuna masu yawa sun haɗu a benci huɗu, kowane benci da ƙuri'a ɗaya tal. Shugabannin gidajen zuhudu, maza da mata, sun haɗu a benci biyu. Wato ƙuri'a ɗaya tana iya nufin ƙasashe ashirin da zan nema a taswira. Bayan waɗannan kuma akwai baraden daula, masu gidaje da ƙauyuka kimanin 1,500 a Suwabiya, Farankoniya da yankin kogin Rhein, waɗanda ba su da kujera a majalisa amma ba su bin kowa sai Kaisar. Idan aka haɗa da su ne lissafin yake kaiwa wajen 1,800. Su kam na haƙura da zana su ɗaya bayan ɗaya. Ɗige-ɗige na yi a inda suka fi yawa.

Abin da ya sauƙaƙa mini aiki shi ne shiyyoyi goma da aka raba daular a 1512 domin tara sojoji, kula da ingancin kuɗi da zartar da hukuncin kotu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Gabas da arewa ba su da wuya, don can manya suke: Ostiriya, Brandenburg, Saksoni, Bavariya, Hanover. Fensir yana tafiya sumul. Da na gangaro kudu maso yamma, shiyyar Suwabiya, nan aka yi ta ta ƙare. Fiye da rabin biranen nan 51 a can suke, tun daga manya irin su Augsburg da Ulm har zuwa Bopfingen, Buchau da Zell am Harmersbach, waɗanda a yau da ƙyar za a kira su gari. Akwai ma ƙauyukan da ba su da sarki sai Kaisar, irin su Gochsheim da Sennfeld a Farankoniya. Bakin fensirina ya fi wasu daga cikinsu faɗi.

Ƙanƙanta ba ita ce babbar matsala ba. Matsalar ita ce wani yana cikin wani. Ɗauki Regensburg ɗin kanta. Birni ne mai 'yanci, amma a cikin ganuwarsa akwai wasu huɗu da ba su ƙarƙashin majalisar birnin: bishop da harabarsa, gidan zuhudun maza na St. Emmeram, da gidajen mata biyu, Obermünster da Niedermünster. Masu iko biyar ke nan a gari ɗaya, kuma majalisar birnin ta Furotesta ce, sauran huɗun Katolika. Mutum yana tsallaka ƙofar harabar coci ya fita daga hannun wata hukuma ya shiga hannun wata. Dole na zana da'ira a gefen kwalin na faɗaɗa garin shi kaɗai. Masu sauraron sashen Hausa na DW sun san Kolon da Bonn. To, babban bishop na Kolon, duk da yana cikin masu zaɓen sarki, ba ya mulkin birnin da yake ɗauke da sunansa. Mutanen gari sun ƙwaci kansu tun bayan yaƙin Worringen na 1288, shi kuma daga baya ya kafa fadarsa a Bonn. Takwaransa na Mainz kuwa yana riƙe da Erfurt, can nesa a tsakiyar Turingiya, da ƙasashen wasu birjik a tsakani.

Garin da ya sa na ajiye fensir na sake tunani shi ne Fürth, kusa da Nürnberg. Iyayengiji uku gare shi: cocin Bamberg, sarkin Ansbach da birnin Nürnberg, kuma ba unguwa-unguwa aka raba shi ba, gida-gida ne. Wannan gida na wane, na kusa da shi na wane. Babu launin da zai iya faɗin wannan gaskiyar. A nan na fahimci cewa tambayar "ƙasar wa ce nan?" ba ta da amsa ɗaya a wannan daula. Tambayar da ke aiki ita ce: wa ke yanke hukuncin kisa a nan, wa ke shari'ar bashi da gona, wa ke karɓar ushirin amfanin gona, wa ke naɗa limamin coci, wa ke da ikon farauta a dajin, wa ke karɓar kuɗin fito a hanya? A ƙauye ɗaya amsoshin suna iya zama mutum huɗu ko biyar. Wanda ya san yadda hakiman Kano suke zaune a birni kafin zuwan Turawa, kowa da garuruwansa a warwatse nan da can yana aika jakada, kafin a yanka gundumomi masu iyaka, zai fi saurin gane wannan fiye da Bajamushen yau.

Daga nan na sauya dabara. Na samo takarda mai shara-shara na riƙa ɗorawa a kan kwalin, kowace da abin da take nunawa: ɗaya ta gidajen sarauta, ɗaya ta ƙasashen coci, ɗaya ta addini, ɗaya ta sarakunan waje. Wannan ita ce shawarar da zan fi ba duk mai son gwadawa.

Takardar gidajen sarauta ta nuna mini inda yawancin ɓarɓashin ya samo asali: rabon gado. Gidaje da yawa sun daɗe suna raba ƙasa tsakanin 'ya'ya maza kamar yadda ake raba gona. Ernst na Gotha ya rasu a 1675 ya bar 'ya'ya maza bakwai, zuwa 1680 ƙasarsa ta zama ƙasashe bakwai, kowace da fada da fadawa da baitulmali. Maƙwabtansu na gidan Reuss kuwa duk ɗa namiji Heinrich ake raɗa masa, sai lamba ta bambanta su, har aka yi Heinrich na 72. Wasu kuma da kuɗi suka shigo. Gidan Liechtenstein masu arziki ne a fadar Biyana, amma filayensu duk a ƙarƙashin wasu suke, ba su isa su ba su kujera ba. Sai suka sayi Schellenberg a 1699, suka sayi Vaduz a 1712, Kaisar ya haɗa su ya mai da su masarauta a 1719. Kujerar suke so, shi ya sa sai a 1842 wani sarkinsu mai ci ya taka ƙasar.

Takardar addini ta fi kowace ban mamaki. Sulhun Augsburg na 1555 ya ba kowane sarki damar zaɓa wa ƙasarsa ɗariƙa, sulhun Westfaliya na 1648, bayan Yaƙin Shekara Talatin, ya daskarar da al'amura yadda suke a 1624. A biranen Augsburg, Biberach, Ravensburg da Dinkelsbühl an riƙa raba muƙamai tsakanin Katolika da Furotesta. A Osnabrück kuwa karɓa-karɓa aka yi: in bishop ɗan Katolika ya mutu, sai a ba ɗan sarautar Furotesta daga gidan Brunswick-Lüneburg. A 1789 mai riƙe da ita shi ne Frederick, ɗan Sarki George na Uku na Birtaniya, wanda aka zaɓa a 1764 yana jariri ɗan wata shida. Tsarin yana da ban dariya a ido, amma mutanen da suka ga yadda yaƙin addini ya cinye garuruwansu ne suka ƙirƙiro shi, kuma ya riƙe su kusan shekara ɗari da hamsin. Ni ina ganin girmansa.

Ta sarakunan waje ba ta ɗau lokaci ba. Sarkin Birtaniya yana ciki ta Hanover, na Denmak ta Holstein, na Suwidin ta Pomeraniya. Su kuma manyan cikin gida suna da ƙafa ɗaya a waje: Hangari ta gidan Habsburg masu mulkin Ostiriya da ainihin ƙasar Furusiya ta mai mulkin Brandenburg duk ba sa cikin daular.

Tambayar da ta riƙa damuna ina cikin fentin ita ce, me ya hana manyan haɗiye ƙananan? Württemberg ta kewaye birane irin su Reutlingen da Esslingen, tana da sojojin da za ta gama da su kafin azahar. Amsar da na samu ita ce shari'a. Daular tana da manyan kotuna biyu, ɗaya da aka kafa a 1495, wadda ta ƙare zamanta a Wetzlar, ɗaya kuma a fadar Kaisar a Biyana. An san su da jan ƙafa, ƙara tana iya wuce ran wanda ya shigar da ita. Duk da haka ƙaramin birni yana iya kai babban sarki ƙara, talakawa ma suna iya kai ubangidansu, kuma wani lokaci a yi hukunci mai zafi. An raba Wilhelm Hyacinth na Nassau-Siegen da mulki a 1707 bayan koke-koken talakawansa kan haraji da zalunci. An dakatar da Karl Leopold na Mecklenburg-Schwerin a 1728 bayan doguwar rigima da manyan ƙasarsa. Shi Kaisar ma yana da riba a kare ƙananan, don su ne 'yan goyon bayansa a gaban irin su Furusiya.

Ba zan yi wa tsarin kwalliya ba. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya a kogin Rhein yana tsayawa biyan kuɗin fito tasha bayan tasha, ga awo da ma'auni da kuɗi suna sauyawa kowane 'yan kilomita. Wasu sarakunan sun mai da talakawansu haja: kimanin sojoji 30,000 daga masarautun Jamus shida, akasarinsu daga Hesse-Kassel, aka ba Birtaniya haya ta yaƙi 'yan neman 'yancin Amurka daga 1776. Amma yawan fadojin ne kuma ya sa mawaƙi ko malamin da aka kora nan yake samun mafaka can, ya sa jami'o'i da gidajen wasan kwaikwayo suka bazu ko'ina maimakon su taru a birni ɗaya. Weimar ba ta fi mutum 6,000 ba lokacin da shahararren marubuci Goethe ya sauka a cikinta a 1775.

Takarda ta ƙarshe da na ɗora ita ce ta 1803, kuma ita ce ɗalibai suka fi tsayawa a kai. Faransa ta karɓe duk yammacin kogin Rhein a yarjejeniyar Lunéville ta 1801, aka ce a biya sarakunan da suka yi asara da ƙasashen gabashin kogin. Da dukiyar wa? Da ta coci da ta birane. Ƙudurin 25 ga Fabrairu 1803 ya shafe kusan dukkan ƙasashen bishop-bishop da na gidajen zuhudu, birane 51 suka koma shida: Hamburg, Bremen, Lübeck, Frankfurt, Augsburg da Nürnberg. Baden da Württemberg da Bavariya suka samu fiye da abin da suka rasa. A Yulin 1806 sarakuna 16 suka fice suka shiga ƙawancen da Napoliyon ya kafa, suka haɗiye ƙananan sarakuna da baraden da ke maƙwabtaka da su, sannan ranar 6 ga Agusta Kaisar Franz na Biyu ya ajiye rawani, daular ta ƙare. Cikin ƙananan da na sha wahalar nema a kwalin, Hamburg da Bremen suna nan a matsayin jihohi biyu daga cikin 16 na Jamus, Liechtenstein kuma, mai faɗin murabba'in kilomita 160, ƙasa ce mai kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990.