Yadda na bar shuka a ƙasa na koma renon iri a dusar kwakwa

Sana'ata renon iri ce. Ina da 'yar rumfar leda a bayan Ikorodu, ni da yara uku, muna renon tumatir da attaruhu da tattasai da latas da kokwamba, mu sayar wa masu gonakin leda na wajen Epe da matan gida masu shuka a buhu a saman bene. Ɗan Kura ne ni, na buɗe ido na ga ana dashen tumatir a Kadawa, don haka da na zo Legas gani nake babu mai koya mini komai a kan ƙasa.

Ƙasar Legas ce ta koya mini hankali. Da kuɗi ake sayenta, tifa guda, ta zo maka da irin ciyawa da tsutsar da ke sa saiwa ƙulu-ƙulu. Mafi muni ita ce cutar nan da za ka bar tumatir tsaye kore shar da safe, ka dawo la'asar ka tarar ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. In ka yanki karan ka tsoma a kofin gilas, sai ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa take, kuma zafi da damshin kudu sun karɓe ta. Mun yi ta gasa ƙasa a rabin duro don kashe ta, hayaƙi ya ishi maƙwabta, kuɗin itace ya cinye riba. Damina ta kankama a watan Yuni, ƙasar ta riƙe ruwa, ƙananan iri su ruɓe daga gindi.

Wani mai gonar leda ne ya fara nuna mini kokofit, wato dusar ɓawon kwakwa da aka matse ta zama bulo. Yawancinta daga Indiya da Siri Lanka ake shigo da ita. Bulo mai kilo 5, ka sa shi a baho ka zuba ruwa, ya yi ta kumbura har ya ba ka fiye da lita 60. Ranar farko yaran tsayawa suka yi suna kallo kamar rufa-ido.

Abin dariya, da na shiga intanet neman ilimin abin, kusan duk bidiyon da ke fitowa na masu noman tabar wiwi ne a cikin ɗaki, can Kanada inda aka halatta ta a 2018, da wasu jihohin Amurka. Su ne suka fi kowa nacin bayani a kan dusar kwakwa. Ƙaramin yarona ya leƙo wayar ya ce, "Oga, ba dai mu ma can muka nufa ba?" Na ce rufa mini asiri, nan Nijeriya ce, wannan ganyen NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ce ke amsa sallamarsa, ga haramci a kai. Tumatir ya ishe mu.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki dusar kamar ƙasa. Na jiƙa, na cika faranti-farantin reno, na shuka. Iri ya fito lafiya, kwana goma bakin ganye ya fara ƙonewa, wasu suka tsaya cik. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya rantse wankakkiya ce. Ba wankakkiya ba ce. Ɓawon kwakwa yana zuwa da gishiri a jikinsa, na sodiyam da fotashiyam, kuma in ba a gyara shi ba yakan kama sinadarin kalsiyam da magniziyam ɗin da ka zuba, ya hana shuka samu. Faranti arba'in na zubar a wannan karon, ga wata Hajiya da ta ba da kafin alƙalami tana ta kira.

Yanzu ba bulon da ke shiga rumfata sai ya sha wanka. Mu jiƙa, mu tsiyaye, mu sake, har sai 'yar na'urar auna gishiri ta nuna ruwan da ke fita ya kusa daidai da wanda muke zubawa. Daga nan mu jiƙa shi a ruwan takin kalsiyam naitiret ya kwana, mu ɗauraye. Wannan na'urar da kuma ta auna tsamin ruwa, wanda nake riƙewa kusa da lamba 6, su ne kayan aikin da na fi tsoron ɓacewarsu. A aljihu nake kwana da su. Ina ɗan gauraya ƙonannen buntun shinkafa don iska ta riƙa shiga, tunda farin dutsen da Turawa ke sawa tsada gare shi a nan.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne dusar kusan ba ta da abincin shuka. A gida ka zuba takin gargajiya, ka bar ƙasa ta yi maka rabin aiki. Nan kuwa abin da ka narka a ruwa shi kaɗai shuka za ta ci, kuma kullum ne, kaɗan-kaɗan. Ranar da aka ɗauke wuta famfo bai hau ba, da bokiti muke bi. In ka bari ta bushe ƙamas, gishirin takin ya taru ya ƙone saiwa. Amma fa kyakkyawan iri, ka zare shi daga farantin ka ga saiwa fara tas ta naɗe dunƙulen, ko ɗaya ba ta tsinke ba, kwana biyu da dashe ya miƙe. Ga rashin nauyi: farantin da dā yaro ke nishi kafin ya hau da shi bene na uku a Lekki, yanzu uku yake ɗauka a hannu.

Da na yi wa Baba bayani a waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "To kai ɗan nan, shukar da ba ta taɓa ƙasa ba, tumatirinta zai yi ɗanɗano kuwa?" Na ce, "Baba, reno kawai nake, masu saye da yawa a ƙasa suke dasawa." Ya ce Allah ya sa albarka, amma na ji bai gamsu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne farashin bulon yana bin dala, alhali Badagry na nan kusa, garin kwakwa, ɓawo jibge a gefen hanya. Na ɗebo buhu shida na gwada niƙa biyu a injin wani maƙwabci, zaren ya naɗe injin, na biya kuɗin gyara. Sauran buhu huɗun na sassara su da adda na zuba a tsohon tanki, suna jiƙe tun watan jiya, duk Juma'a muna sauya ruwan muna aunawa.