Kwana 12 a Masar: daga dalar Giza zuwa Bahar Maliya

Dala iri biyu ke jiran duk wanda ya nufi Masar yawon buɗe ido: akwai ta dutse wadda za ka je kallo, akwai ta aljihu wadda za ta kai ka wurin kallon. Na yi kwana 12 tsakanin Alkahira, Aswan, Luksor da Hurgada, kuma abin da na gane shi ne ba yawan kuɗi ke gyara wannan tafiya ba, tsari ne: inda za ka fara, inda za ka ƙare, da ƙarfe nawa za ka isa kowane wuri. Rana da nisa su ke da iko, kai naka bi.

Tun daga gida ake fara shiri. Mai fasfon Najeriya ya nemi bizarsa kafin ya tashi, kada ya sa rai za a buga masa a filin jirgi kamar yadda ake yi wa Turawa. Ya riƙe katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, domin Masar na neman sa ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Ya zazzage jakar magungunansa ya duba: tiramadol da makamantansa na iya kai mutum kurkuku a can, duk maganin da ya zama dole a tafi da shi a haɗa da takardar likita. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa a bar shi a gida, ƙwace shi za a yi. EgyptAir na tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas, tafiyar wajen awa biyar.

Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne katin banki. Tun daga 2023 galibin manyan wuraren tarihi suka daina karɓar tsabar kuɗi a tagar sayar da tikiti, sai kati. Ka zo da damin kuɗi amma ba ka da katin da ke aiki a ƙasar waje, to za ka tsaya bakin ƙofa kana roƙon wani baƙo ya biya maka ka ba shi tsaba. Ka tanadi katin dalar Amurka, ka tabbatar daga bankinka an buɗe shi don amfani a waje, in da hali ka riƙe biyu. Duk da haka ba a rabuwa da tsaba. Ka canja kuɗi a banki ko a shagon canji mai lasisi, sannan ka fasa su zuwa ƴan fam (kuɗin Masar) 10 da 20 da 50, saboda “bakshish”, wato ɗan ihsanin da ake ba mai gadin kabari, mai kula da banɗaki da mai ɗaukar kaya. Wanda bai da canji shi ke ba da fam 200 a inda 20 ta isa.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Tsakanin Maris da Mayu akan samu iskar “hamasin”, mai zafi da ƙura, wadda kan rufe gari kamar hazon hunturunmu, sai dai ita da zafi take zuwa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafin Luksor da Aswan na wuce maki 40. Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Damagaram, ka saba. A gida kana da inuwa da randa. A can tsakiyar duwatsu kake, ba bishiya ko ɗaya.

Alkahira na ba ta kwana huɗu, kuma ba su yi yawa ba. Ranar farko Giza, da zarar an buɗe ƙofa. Babbar dalar, ta sarki Kufu, ta kai shekara 4,500. Tsawonta na asali mita 146 ne, yanzu ya ragu zuwa wajen 138 saboda an kwashe duwatsun da suka lulluɓe ta. Tikitin shiga fili daban, na shiga cikin dala daban. Kafin ka sayi na biyu ka san abin da ke ciki: hanya ce ƙunci da za ka hau a duƙe, sai wani dogon zaure mai hawa, sai ɗaki guda da akwatin dutse wanda babu komai a cikinsa. Ba zane, ba zinariya, ga zafi ga ƙarancin iska. Mai ciwon gwiwa ko baya ko asma ya haƙura. Idan burinka kawai ka ce ka shiga cikin dala, ka tafi Dahshur, kudu da Giza, ka shiga Jar Dala ta sarki Sineferu, mahaifin Kufu: ba cunkoso, kuma ba sai ka sayi wani tikiti ba. A hanya ɗaya ce da Sakkara, inda dalar Zosar mai hawa shida take, wadda ta girmi na Giza duka. Mota ɗaya ta yini za ta kai ka biyun.

Masu raƙuma da keken doki a Giza sai an yi da gaske. Ƙa'idata uku ce: a yanke kuɗi kafin a hau, a faɗi ko fam ne ko dalar Amurka, a kuma faɗi cewa kuɗin ya haɗa da dawowa da saukewa. Ba a biya sai an sauka. Duk wanda ya miƙo maka rawani ko ɗan gunki ya ce kyauta ne, kada ka karɓa a hannunka. “La, shukran”, wato “a'a, na gode”, sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya. Tsayawa yin bayani shi ne buɗe ciniki. Mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda suke kira Abul Haul, yana can ƙasa, a bar shi ya zama na ƙarshe.

Gidajen tarihi uku ne, kuma mutane kan rikita su. Sabon babban gidan da ke kusa da dalolin, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, shi ke da kayan sarki Tutankamun sama da 5,000. Rabin yini ba ya isar sa sosai. Tsohon na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, yana nan da nasa kayan. Amma tambayar da kowane Bahaushe ke yi ita ce, ina gawar Fir'auna? Tana gida na uku, a Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi huɗu a Afrilun 2021. Ramsis na biyu da ɗansa Marnafta duk suna ciki, kuma su biyun ne aka fi ambata idan ana zancen Fir'aunan Annabi Musa. Zance ne na hasashe, masana ba su yanke ba, don haka kada wani ɗan rakiya ya nuna maka ɗaya ya rantse. An hana ɗaukar hoto a ɗakin.

Yini guda cur na ware wa tsohon gari, kuma a ganina shi ne yinin da ya fi kowanne. Masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda aka fara ginawa jim kaɗan bayan Musulmi sun ci Masar, sai na Ibn Ɗulun na shekarar 879 mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, sai ganuwar Salahuddini da aka soma a 1176, sai hubbaren Imamu Shafi'i. Da la'asar a gangara Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970. A da ɗalibai na zama rukuni-rukuni bisa ƙasashensu, har da rukunin Barebari, kuma har gobe in ka ɗan zauna a harabar za ka ji ana Hausa. Tsallaken titi masallacin Sayyidina Husaini ne da kasuwar Kanul Halili, inda farashin farko ba farashi ba ne. Wanda ya saba ciniki a Kurmi ba sai an koya masa ba. Zirga-zirga cikin gari da Uber ko Careem ta fi sauƙi, sai dai lambar mota da lambobin Larabci take, ka koyi karanta su. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na da taragon mata zalla.

Daga nan na bi jirgin sama zuwa Aswan, na faro daga can kudu ina gangarowa. Dalilina shi ne wurin bautar Abu Simbel na Ramsis na biyu, wanda ke da nisan kusan kilomita 280 kudu da Aswan. Motoci na tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, awa uku da wani abu zuwa, awa biyu kallo, awa uku dawowa. Gara a sha wannan wahala tun da sauran ƙarfi a jiki. Gumakan Ramsis huɗu da ke zaune a ƙofa kowanne ya kai mita 20, kuma ba a nan aka sassaƙa su ba: tsakanin 1964 da 1968 aka yanyanka ginin gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 sama don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Ranakun 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba hasken hantsi ke ratsawa har ƙuryar ciki. In ba don wannan ka zo ba ka kauce musu, taro ya yi yawa. Wurin bautar Fila a tsibiri yake, kuma tikiti bai haɗa da kuɗin kwalekwale ba. Ka haɗu da wasu ku ɗauki guda, ku yanke kuɗin zuwa da jira da dawowa.

Daga Aswan zuwa Luksor jirgin ƙasa wajen awa uku ne. Akwai masu bin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, dare uku a kan Nilu, suna yada zango a Kom Ombo da Edfu. Yana da daɗi ga iyali da dattawa, amma jadawalinsu ne ba naka ba.

Luksor kogi ya raba shi biyu: gabas wuraren bauta, yamma kaburbura. Kuskurena a nan shi ne na haɗa su a yini ɗaya. Na fara da wurin bautar Karnak a gabas da safe, na isa Kwarin Sarakuna da tsakar rana, lokacin da duwatsu suka ɗauki zafi kamar tanda kuma manyan motocin da suka taso daga bakin teku sun sauke jama'a. Daidai shi ne a tsallaka yamma tun ƙarfe shida. Kaburbura sun haura 60 amma kaɗan ake buɗewa, kuma tikiti ɗaya na shigar da kai uku kacal, ana huda shi a kowace ƙofa, don haka ka zaɓa kafin ka shiga. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, da kuɗinsa daban, kuma ƙarami ne, suna ne ya fi shi girma. In za ka ƙara kuɗi sau ɗaya, ka ƙara a kan na Ramsis na biyar da na shida, wanda rufinsa ke cike da zane har yanzu da launinsa. Ka biya ta wurin bautar sarauniya Hatshefsut, ka koma masauki kafin azahar. Washegari da sassafe Karnak, ka tsaya cikin zauren ginshiƙai 134. Wurin bautar Luksor kuma a bar shi sai bayan magariba in an kunna fitilu. A cikinsa akwai masallacin Abul Hajjaj, ana salla a ciki har yau.

Abinci ba matsala. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da soyayyar albasa, yana da arha da ƙosarwa. Ɗa'amiya ƙanwar ƙosai ce, mulukiya miyar lalo ce, karkade zoɓo ne, har ruwan goruba suna sayarwa da sunan “dom”. Abin da ke kwantar da baƙo shi ne ruwan famfo da ƙanƙara da ganyen da ba a dafa ba. Ruwan roba kawai, aƙalla lita uku a ranar yawo, da ƴan ƙullin gishiri da sukari a jaka.

Teku na sa a ƙarshe da gangan, domin bayan kwana tara na sammako jiki hutu yake nema, kuma wanda ya fara da kwanciya a bakin ruwa da wuya ya tashi ƙarfe huɗu don kallon dutse. Daga Luksor zuwa Hurgada wajen awa huɗu ne a mota, ta Kena da Safaga. Galibin otal-otal na haɗa kwana da ci da sha a kuɗi ɗaya, amma mai iyali ya yi tambaya biyu a rubuce kafin ya biya: shin ana barin mata shiga wurin wanka da rigar ninƙaya mai rufe jiki, kuma shin otal ɗin na iyali ne ko na masu kiɗa da giya har asuba? Ka kuma tambaya ko bakin ruwansu yashi ne ko duwatsun murjani, saboda yara.

Abin kallo a Bahar Maliya a ƙarƙashin ruwa yake. Jirage na kai mutane wajen tsibirin Giftun na yini guda, da gilashin ido da bututun numfashi. Ko ba ka iya ruwa ba za ka gani, muddin ka sa rigar hana nutsewa ka riƙe tayar da ɗan rakiya ke ja. Ka gwada gilashin tun a jirgi: ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba ka ja numfashi ta hanci, in ya manne ya yi daidai, in ya faɗi ruwa zai shiga. Mai gashin baki ya shafa ɗan man baselin. Kada ka taɓa murjani ko ka tsaya a kansa; wani na ƙuna kamar wuta, tsakaninsu kuma akwai halittu masu ƙaya, ga shi doka ta hana ɗiba. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya bar awa 24 kafin ya hau jirgin sama, saboda iskar da ta taru a jini na iya kumfa in an yi sama da wuri.

Mai son hawa Dutsen Musa, wanda al'ada ta ɗauka shi ne Ɗurisina, ya zaɓi Sharm el-Shek ko Dahab maimakon Hurgada, domin a yankin Sina'i yake. Tsawonsa mita 2,285, da tsakar dare ake fara hawa tare da jagora Balaraben ƙauye, matakala 750 na ƙarshe ba raƙumin da ke hawansu, kuma sanyin ƙololuwa na ratsa ƙashi ko a bazara.

Daga Hurgada zuwa Alkahira awa ɗaya ce a sama, wajen shida a bas. Ka dawo kwana ɗaya kafin jirginka na gida, ka kwana a Heliyofolis kusa da filin jirgi. Jiragen cikin gida kan yi jinkiri, kuma in tikitin biyu daban-daban ka saya, wanda ya wuce ka ya wuce da kuɗinka.