Jan farcen jel da daren da tsarki ya zo min

Har yau idan na ga masu sayar da kayan kwalliya suna tallan jan farcen jel a WhatsApp, suna rubuta cewa yana sati biyu ko uku bai ɓare ba, sai na ji raina ya ɓaci. Ba ƙarya suke yi ba, yana kaiwa. Abin da ba sa faɗa shi ne yadda ake cire shi, alhali a wurinmu masu sallah cirewar ce gaba ɗaya maganar. Wace ce a cikinmu take da sati uku na barin abu a farce? Kwanakin fashin sallah ne kaɗai namu, su ɗin ma ba kullum suke bin lissafin da muka yi musu ba.

Na daɗe ina yi wa kaina ado da jan farce na yau da kullum a gidanmu da ke Tudun Wada, nan cikin Gombe. Ɗigo-ɗigo da kan fil ɗin ɗankwali, layi da salatif, haɗa launi biyu da guntun soso, duk na iya su, kuma wadda ta taɓa riƙe kwalbar jan farce ba sai an koya mata ba. Wannan bai taɓa ba ni matsala ba. Ranar da na samu tsarki sai in ɗauko auduga da ruwan gogewa, kafin ruwan wanka ya yi zafi na gama.

Bikin ƴar Goggona ne ya kai ni ga jel. Lissafina ya nuna zan yi kamu da yinin biki duk ina fashi, na kuma san aikin da ke jirana: wanke shinkafa, gyaran kayan miya, wanke-wanke ba iyaka. Jan farce na yau da kullum ba ya jure wannan, yini ɗaya bakinsa ya fara ɓarewa. Sai na yi odar kayan jel wurin wata mai sayarwa a waya: kwalabe na launi, shafin ƙasa, shafin sama, da ƴar fitilar da ke busar da shi. Kafin in tura kuɗi na tambaye ta ƙarara: "Hajiya, ruwan gogewar da nake da shi a gida zai cire wannan?" Ta ce, "Sosai ma, kowanne yana cirewa." Na tambaya, kuma wannan ce amsar da aka ba ni.

Aikin kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ankon ja ne mai duhu da ratsin ruwan zinare, sai na bi shi: ja a duk farata, ɗigon zinare a gindin kowanne, a ɗan yatsan zobe kuma na zana ƙaramin reshe. Daɗin jel shi ne ba ya bushewa da iska, sai ya shiga fitila, don haka kina da lokacin gyara layin da ya karkace ko ki goge ki sake. Shafi siriri, daƙiƙa 60 a fitila, ki ƙara wani. Da aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki na jona fitilar da fawa bank na ƙarasa. A wurin kamu mata sun yi ta kama hannuna suna tambaya wane shago na je, ina ce musu hannuna ne. Har yanzu ina alfahari da wannan zanen.

A daren ranar kamun, bayan mun dawo kowa ya kwanta, na ga tsarki. Ya rigayi lissafina, kuma duk mace ta san hakan na faruwa. Ban damu ba ko kaɗan. Na jiƙa auduga da ruwan gogewa na murza, audugar ta fito fara tas. Na sake, na danna, na bar ta a kai. Ko sheƙinsa bai ragu ba.

Abin da aka koya mana tun a Islamiyya ba mai wuyar fahimta ba ne: duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata ko farce sai an gusar da shi kafin wanka da alwala su inganta. Jel kuwa shamaki ne na gaske, roba ce da haske ya ƙame ta a kan farce. Ga dare ya raba, babu shago ko kemis a buɗe, ga asuba tana tafe. Na tashi Addata. Ta haska da fitilar waya, ta ƙwanƙwasa farcen da nata, ta ce, "Ke, wannan ai ba jan farce ba ne, roba kika liƙa." Muka gwada ruwan zafi, muka gwada lemon tsami, har kalanzir. Babu abin da ya motsa. Daga ƙarshe reza muka ɗauko, Adda tana ɗaga gefe ni ina ɓarewa. Kowane guntu da ya fita, idan na juya bayansa sai in ga wani farin abu manne da shi. Farcena ne yake biyo shi. Na gani, na sani, amma ba ni da wata hanya a wannan daren. Na yi wanka na samu asuba a kan lokaci, alhamdulillahi, sai dai da gari ya waye na ga abin da ya rage a yatsuna.

Farce ba abu ɗaya ba ne dunƙulalle, hawa-hawa ne na sinadarin keratin, irin wanda ke cikin gashi. Jel yana kama hawan sama ne ƙam, shi ya sa yake daɗewa, shi ya sa kuma idan aka fizge shi yake tafiya da abin da ya kama. Farata goma duk sun yi fari-fari, sun yi kaushi, sun zama sirara kamar ɓawon albasa. Idan na danna sai su lanƙwashe. Ranar yinin biki hannun da aka yi ta yabawa jiya shi nake ɓoyewa cikin mayafi. Zafin kuwa sai da na koma aikin gida na san shi: ruwan ɗumi yana yi min raɗaɗi, omo haka, jajjagen attaruhu kuma ba a magana. Ga hunturu ya shigo, iskar da ke fasa leɓe da diddige ta samu farcen da ba shi da kariya, bakinsa ya dinga tsagewa yana maƙalewa a zaren hijabi da gashi idan ina tsifa.

Babu man da ke mayar da hawan da ya tafi. Farcen hannu yana tsawo ne kimanin milimita 3 a wata, kuma kafin sabo ya maye gurbin tsoho daga gindi zuwa baki ana ɗaukar wata 4 zuwa 6. Wato kwalliyar biki ɗaya ta ci min kusan rabin shekara. Abin da ya taimaka shi ne yanke su gajeru sosai don kada su samu inda za su tsage, shafa man kaɗanya a kansu da gefensu bayan kowace alwala, da sa safar hannu ta roba wajen wanki. Ban sa musu komai ba a tsawon lokacin, ko jan farce na yau da kullum.

Wata maƙwabciyarmu da ta taɓa aiki a shagon gyaran farce ce ta nuna min yadda ake yi, kuma sauƙin abin ne ya ƙara ƙona min rai. Asiton zalla ake buƙata, wato sinadarin ruwa mai ƙarfi da ke narkar da jan farce. Ki fara goge sheƙin saman da magogin farce har ya dusashe, don asiton ya samu hanyar shiga. Ki shafa basilin a fatar da ke kewaye. Ki jiƙa ƴar auduga, ki ɗora a farcen, ki naɗe da foyil irin wanda ake gasa kifi da shi, ki bar shi minti 10 zuwa 15. Idan kin kwance za ki ga jel ɗin ya yamutse ya ɗago da kansa, sai ki ture shi a hankali da ɗan tsinken katako. Wanda ya ƙi fita kada ki kankare, ki sake naɗewa. Ta ce in ɗauko ruwan gogewar nawa, ta juya bayan kwalbar ta nuna min inda aka rubuta cewa babu asiton a ciki. Irin wannan an yi shi ne don jan farce na yau da kullum, ya fi sauƙi ga fata, amma ko a kwana ana murza shi ba zai narkar da jel ba. Mai sayar da jel ya kamata ta san wannan kafin ta san farashi.

Asiton yana kama wuta nan take, don haka nesa da risho, nesa da gas, nesa da kaskon turaren wuta, kuma a buɗe taga. Yana busar da farce da fata sosai. Wannan ne ma ya sa na yanke cewa ko da asiton a hannu, jel a kan farcena ba nawa ba ne. An yi shi ne don mai barinsa makonni. Mai sawa yau ta cire bayan kwanaki kaɗan, wata mai zuwa ta sake, kullum farcenta yana cikin goga da jiƙo, ba zai huta ba.

Na koma wa mai kayan da magana, ba don ta biya ni ba, don ta daina faɗa wa mutane abin da ta faɗa min. Amsarta ita ce ai kowa ya san da asiton ake cirewa. To idan kowa ya sani, me ya sa da na tambaya ba a faɗa min ba? Kuma me zai hana a saka kwalbarsa a cikin kayan, ko a rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin talla? Mafi yawan masu sayen nan mata ne irina, waɗanda tsarki zai iya zuwar musu da tsakar dare.

Akwai wani haɗarin da Allah ya tsare ni daga gare shi. Jel ɗin da bai gama bushewa ba, idan yana taɓa fata, yana iya jawo wa mutum borin jini ga sinadaran akirilet da ke cikinsa: ƙaiƙayi, kumburi a yatsu, har farce ya ɗago daga nama. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan a 2018, ta sake yi a 2023, kuma ta ambaci kayan yi a gida musamman. Idan jiki ya kamu ba ya warkewa, ga shi kuma ana amfani da dangin waɗannan sinadarai wajen cike haƙori da wasu ayyukan ƙashi. Abin da ke kawo shi yawanci shi ne shafi mai kauri, fitila marar ƙarfi ko wadda ba ta dace da jel ɗin ba, da barin sa ya malala kan fata. Jel yana iya yin tauri a sama alhali ƙasansa ɗanye ne. Duk wadda za ta yi, ta goge abin da ya taɓa fata kafin ta sa hannu a fitila.

Da Goggo ta ga yatsuna cewa ta yi, "Ƴar nan, da ƙunshi kika yi irin namu da ba ki ga wannan ba." Gaskiya ta faɗa. Lalle rini ne, yana shiga cikin farcen ya ba shi launi ba tare da ya bar wani hawa a sama ba, shi ya sa ake alwala da shi bayan an wanke kwaɓin. Da farata suka warke na koma masa, na kuma gano cewa dabarun da na koya suna aiki da shi. Salatif ɗin da muke yanka don ƙunshin ƙafa, idan an yanka shi ƙanana yana fitar da rabin wata a gindin farce, ko jan baki kawai a bar sauran fari. Idan ana son ja mai duhu sai a maimaita. Sai dai shi lalle a farce ba ya gogewa kwata-kwata, layin da ya karkace zai zauna har sai farcen ya tsiro an yanke, don haka a liƙa salatif ɗin da kyau, kwaɓin kuma kada ya yi ruwa. Baƙin dayis ba na kai shi kusa da yatsuna, saboda sinadarin rini mai suna PPD da ake samu a irinsa yana ƙona fatar wasu. Jan farcen da ake tallatawa cewa ruwa yana ratsa shi kuwa, zuciyata ba ta natsu da shi ba, ba zan ɗora sallata a kan maganar mai talla ba bayan abin da na gani.

Kayan jel ɗin ba su tashi a banza ba. Yanzu a kan farcen roba nake zanena. Ina liƙa su a jikin tsinke, in zana a natse da hannu biyu, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zana wa hannun dama da hagu, in busar da su a fitila, in ajiye a ƙaramin gwangwani. Ranar biki, idan ina fashi, sai in manna su da ƴan takardun nan masu danƙo ta fuska biyu da ake sayarwa tare da su. Idan lokacin cirewa ya yi, ruwan ɗumi da sabulu da ɗan mai sun isa, su fita lafiya in wanke ragowar danƙon, in adana su don wani bikin. Ba sa jure aikin ruwa, don haka sai an gama girki nake sawa. Kada a manna su da sufa gulu: cire shi wata wahalar ce irin ta jel, kuma idan ya zuba a kan auduga ko atamfa yana yin zafin da zai iya ƙona fata. Ƙanwata ta riga ta ba ni odar nata na ƙaramar Sallah, shuɗi da azurfa, na kuma gaya mata sai ta zo na auna faɗin farcenta tukuna, don wanda ya fi farce faɗi yana hawa kan fata ya ƙi zama.