Renon ƙananan bishiyoyin fain domin bonsai a Jos

Bonsai sana'a ce ta renon bishiya a cikin ƙaramar tukunya har ta yi kama da tsohuwar bishiyar daji, sana'ar da ta samo asali daga China kafin ta bunƙasa a Japan, inda baƙar fain (fain bishiya ce mai siraran ganye kamar allura) da suke kira kuromatsu take da daraja ta musamman. Samun irinta a nan da wuya, saboda haka na fara da wani nau'in fain mai suna Pinus caribaea, wadda ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna shukawa a tsaunin Jos da Afaka kusa da Kaduna. Sanyin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, yana karɓarta sosai.

Na jiƙa irin ya kwana a ruwa, na zubar da wanda ya taso sama domin galibinsa fanko ne, na shuka wanda ya nutse a cikin wankakken yashi. Makonnin farko su ne mafi hatsari, saboda akwai cutar da ke kama tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa, ƙafarsa ta sirance, ya kife cikin dare. Laima da rashin iska ne ke kawo ta, don haka na ɗora tiren a kan benci inda iska ke kaɗawa, ba na kuma ƙara ruwa sai saman yashin ya fara bushewa.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na saiwa. Fain tana fitar da uwar saiwa guda ɗaya da ke nutsawa ƙasa, alhali mai bonsai yana son saiwoyi da yawa da suka bazu ta kowane gefe, domin su ne za su zauna a tukunya marar zurfi, su kuma faɗaɗa gindin bishiyar. Masu renon fain a Japan suna jira har karan tsiron ya juya daga kore zuwa shunayya, sai su yanke saiwar gaba ɗaya da sabuwar reza, su bar kara kamar santimita 2, su tsoma shi a hodar fitar da saiwa, su dasa a yashi mai laushi a cikin inuwa. Na yi wa rabin tsirraina haka, sauran kuma na rage musu tsawon saiwar kawai lokacin dashe. Waɗanda aka yanke sun yi jinkirin girma, wasu ma ba su tashi ba, amma da na duba waɗanda suka rayu bayan shekara, saiwoyinsu sun fito a zagaye kamar haƙarƙarin lema. A ganina asarar ta biya kuɗin sabulu, muddin mutum ya shuka fiye da abin da yake bukata.

Wajen dashen ne na ga farar fumfuna ta naɗe saiwoyin, mai ƙamshin naman kaza. Wannan ba cuta ba ce. Ita ke taimaka wa fain tsotsar ruwa da sinadarin fosfaras, bishiyar kuma tana ba ta sukari, kuma rashinta kan sa dashe ya yi rawaya ya tsaya cak. Shi ya sa nake haɗa ɗan ƙasar gindin tsohuwar fain a kowace tukunya, ba na kuma wanke saiwa tas. Maimakon akadama, yumɓun da ake amfani da shi a Japan, ina haɗa tsakuwar rafi da fasasshen jan bulo da ɗan gawayi, duk a tankaɗe, a cikin kwandon roba mai huda-huda. Saiwar da ta kai bakin huda takan bushe a iska, sai ta yi rassa a ciki maimakon ta riƙa kewaye tukunya.

Ban ruwa ya danganta da lokaci. A Yuli da Agusta matsalar ita ce yawan ruwan sama, sai in ɗaga kwandunan daga ƙasa, wanda kuma ke kare su daga gara. Da hunturu iska kan busar da kwando cikin yini guda, sai a duba safe da yamma. Rana kuwa fain tana son ta sosai da zarar ta kafu.

Na naɗa wayar alminiyam a shekara ta biyu, lokacin da karan bai wuce kaurin fensir ba, na lanƙwasa shi tun daga ƙasa, domin idan ya yi kauri ba ya lanƙwasuwa. Ban taɓa ƙananan rassan ƙasa ba, tunda fain ba ta cika tohowa daga reshen da aka raba da ganyensa ba, kuma daga cikinsu ne za a gina bishiyar nan gaba. Kan bishiyar na bar shi ya yi ta tsawo domin ya ƙara wa gindi kauri, za a yanke shi daga baya. Abin da ya rage mini shi ne tsawon ganyen wannan nau'i, wanda kan kai santimita 20, saboda haka na tsara bishiyoyin su zama manya-manya, masu tsayin da ganyen ba zai rinjaye su ba.