Abin da lissafin naitret ya koya mini a bakin sokawe

Aikin auna ƙazantar da ke sauka ƙarƙashin ƙasa daga sokawe na makarantu, tashoshin mota da rukunin shaguna ya koya mini cewa ƙididdigar gidan zama ba ta aiki a wurin kasuwanci. A gida ana wanka, ana wanki, ana wanke-wanke, duk wannan ruwan yana tsarma abin da ya fito daga bayi. A makarantar jeka-ka-dawo kuwa, kusan duk abin da ke shiga ramin, fitsari ne da ɗan ruwan buta. Kuma mafi yawan naitirojin da jikin mutum ke fitarwa, wato sinadarin da ke rikiɗa ya zama naitret mai gurɓata ruwan sha, ta fitsari yake fita. Ruwan kaɗan ne, amma da ƙarfi.

Cikin tankin sokawe, naitirojin yana zaune ne a matsayin sinadarin amoniya, don babu iska. Sai ya tsiyaya cikin ƙasa mai iska, ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi naitret. Shi kuwa naitret ƙasa ba ta riƙe shi. Duk inda ruwa ya bi, yana biye, har rijiya.

Lissafin ba wuya: yawan lita a rana, a ninka da ƙarfin naitirojin a kowace lita. A ce makaranta na zubar da lita 5,000 kullum, kowace lita da miligiram 100. Rabin kilo ke nan a rana. Kafin ya sauko zuwa iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 50 na naitret a lita, kimanin 11 idan naitirojin kaɗai aka auna, sai an sami wajen lita 40,000 na ruwa mai tsabta kullum. Daga ina? A Kano damina 'yan watanni ce, kuma mai wurin ya shafe harabar da siminti, ruwan sama kwata yake bi. Wahalar duka tana wajen samo adadin lita na gaskiya. Shi ya sa na fi yarda in tsaya bakin bayi ranar kasuwa in ga yawan masu shiga, in tambayi mai gadi sau nawa ake cika tankin ruwa, a kan abin da ke rubuce a takardar gini.

Abin da ya fi damuna shi ne rijiyar burtsatsen da ake haƙawa taku kaɗan daga ramin, maƙwabta na ɗiba. Naitret ba shi da wari, ba shi da launi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 da ake dama wa madara da irin wannan ruwa su ne cikin haɗari, don yana hana jininsu ɗaukar iska har fata ta yi shuɗi. Saboda haka yanzu, kafin in buɗe littafin lissafi, nakan ce wa mai wuri: “Alhaji, nuna mini rijiyar da ta fi kusa, a fara gwada ruwanta.”